Babi Na Huɗu: Samaru Ko Titin Gwarzo?

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta fara sayar da fom, tambaya ɗaya ce ke zagaya gidaje da majalisu da ofisoshin malaman sakandare: "ABU zan cike ko BUK?" Amsoshin ma kowa ya haddace su. Kawu zai ce Zariya, domin ita ce uwa, kuma can manya suka yi. Yaya zai ce Kano, ga gida kusa, ga kasuwa. Mahaifiya kuwa, in 'ya mace ce, maganarta ba ta wuce "inda za mu riƙa ganinki" ba. Kowannensu yana da hujjarsa. Sai dai da wuya ka ji wanda ya tambayi yaron inda zai kwana, ko minti nawa zai ci daga shimfiɗarsa zuwa ɗakin lakca, ko su wa zai tarar idan ya fito daga aji da la'asar. Ni a ganina waɗannan tambayoyin da ake rainawa su ya kamata su raba gardama, muddin kwas ɗin da ake nema yana da cikakkiyar amincewar hukumar NUC a duka wuraren biyu, tare da ta majalisar sana'ar, kamar COREN ga injiniyoyi da MDCN ga likitoci. Idan wannan sharaɗi bai cika a ɗaya ba, to babu wani zaɓi, magana ta ƙare tun a babin da ya gabata. Na ɗauki Zariya da Kano ne saboda su aka fi haɗawa a Arewa, amma ma'aunin zai yi wa mai kai-kawo tsakanin Sakkwato da Maiduguri aiki, haka ma wanda ke duban Jos da Bauchi.

Harabobi biyu

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ranar 4 ga Oktoba, 1962, Sardauna da kansa ne uban jami'a na farko. Ba daga fili aka fara ta ba. An haɗa makarantun da ke nan tun zamanin Turawa ne: kwalejin fasaha da kimiyya da ke Samaru, da cibiyar koyon aikin mulki ta Kongo, da tashar binciken noma, da gonar dabbobi ta Shika. Tsarin da aka bi shi ne wanda aka kawo Ibadan daga Ingila a 1948, wato jami'a ta zama gari mai zaman kansa, malami da ɗalibi su kwana su tashi a cikinta. Shi ya sa babbar harabar Samaru, wadda ke kimanin kilomita 15 daga birnin Zazzau a kan hanyar Sakkwato, take da gidajen malamai, da masallatai da coci-coci, da asibiti, da kantuna, da madatsar ruwanta a kan rafin Kubanni. Ɗalibin da ya samu gado a ɗakunan kwana na Danfodiyo ko Sulaiman, ko ɗalibar da ta samu a Amina, za su iya yin makonni ba su leƙa bakin ƙofa ba, kuma ba abin da zai tsaya musu. Garin Samaru kansa jami'ar ce ta raya shi. Idan aka tafi hutu ko yajin aiki, mai shayi da mai hoto da mai gidan haya su ke fara sanin an tafi.

Jami'ar Bayero (BUK) akasin haka ta taso. Asalinta kwaleji ce da aka fara a 1960 a cikin makarantar koyon Larabci ta Kano, aka mai da ita reshen ABU da sunan Abdullahi Bayero a 1962, ta tsaya da ƙafarta a 1977. Tsohuwar haraba tana jingine da badalar birni ta wajen Kabuga. Sabuwar, da aka fara komawa a shekarun 1980, tana kan titin Gwarzo, kuma a lokacin bayan gari ce, amma yau unguwanni irin su Rijiyar Zaki da Rimin Gata sun cim mata. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana can titin Zariya, cibiyarta ta gidan Mambayya tana Gwammaja. Ma'ana jami'ar a warwatse take cikin birni mai miliyoyin mutane, kuma birnin bai dogara da ita ba. Tana da ɗakunan kwana a harabobin biyu, amma ɗalibanta da yawa 'yan jeka-ka-dawo ne: su fito daga gidan iyayensu da safe, su hau adaidaita-sahu, su koma kafin magariba.

A nan akwai tarkon da mutane da yawa ke faɗawa. Sunan jami'a ba ya gaya maka harabar da za ka zauna. Wanda ya cike shari'a ko harkar mulki a ABU da burin zaman Samaru zai tsinci kansa a Kongo, cikin gari, kusa da Tudun Wada, kuma rayuwarsa za ta fi kama da ta ɗan tsohuwar BUK fiye da ta ɗan ajin injiniya da suke jami'a ɗaya. Ɗalibin likitanci zai ƙarasa shekarunsa a Shika in Zariya ce, a titin Zariya in Kano ce. Kuma duk da ginin ɗakunan kwana da Aliko Dangote ya ba ABU a 2019, mai ɗaukar ɗalibai sama da 2,000, gadaje ba su isa ba a can, ba su isa ba a Kano. Al'adar da aka saba a jami'o'in tarayya ita ce a fara da sababbin shiga da 'yan ajin ƙarshe, na tsakiya kuma su nemi haya a Samaru ko Hayin Dogo in Zariya ce, ko Danbare in Kano ce, ko su raɓe a ɗakin aboki. Don haka tambayar gaskiya ta ƙunshi abu uku: wace haraba tsangayarka take, a ina za ka kwana a shekara ta biyu da ta uku, kuma mene ne tsakanin wuraren biyu.

Lissafin awoyi

Me ya sa na ba wurin kwana wannan nauyi? Domin lakca ita ce ƙaramin kaso na rayuwar ɗalibi. Mako yana da awa 168. A ƙa'idar NUC, ɗalibi yana ɗaukar yunit 15 zuwa 24 a zango, kuma kowane yunit kusan awa ɗaya ne na lakca a mako. A ce awa 20 a aji, a ce awa 50 na barci. Saura kusan awa 100, waɗanda babu jadawalin da ya ce ga abin da za a yi da su. A cikinsu ake bita, a cikinsu ake rubuta aikin gida, ake zuwa laburare, ake tambayar wanda ya fi ka gane lissafi, kuma a cikinsu ake shiririta. Malaman jami'o'in biyu ma'aikatan gwamnati ɗaya ne, albashinsu ɗaya, ƙungiyarsu ɗaya, kuma tun da NUC ta fito da sabuwar manhaja a ƙarshen 2022, kashi 70 cikin ɗari na abin da ake koyarwa a kowane kwas daga Abuja yake zuwa, kashi 30 ne aka bar wa kowace jami'a. To idan awa 20 ɗin nan kusan iri ɗaya ne a Samaru da titin Gwarzo, ina bambancin zai fito in ba a cikin awa 100 ɗin ba?

Ɗauki ɗalibin da gidansu ke Hotoro, tsangayarsa kuma tana sabuwar haraba. Sai ya keta Kano daga gabas zuwa yamma, sau da yawa da canjin abin hawa. In muka sassauta muka ce awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, kwana biyar a mako, mako 15 a zango, awa 150 ke nan a kan titi. Kwas mai yunit uku awa 45 ne na lakca a zango gaba ɗaya. Wato abin da hanya ta ci ya fi lakcar kwasa-kwasai uku. Kuma asarar ba a awoyin kaɗai ta tsaya ba. Manomin da gonarsa ke nesa ba ya komawa da yamma ya duba shuka, ba don lalaci ba, don tafiyar ta fi aikin yawa. Haka ɗan jeka-ka-dawo yake: in malami ya ɗage lakcar ƙarfe goma zuwa huɗu, ko dai ya yi zaman jira ko ya haƙura da ita. In 'yan aji suka shirya bitar dare ana saura kwana uku jarrabawa, ba da shi ba. In an ce akwai taron ƙara wa juna sani ranar Asabar, sai ya auna kuɗin mota tukuna. Ba wanda zai rubuta masa waɗannan a takardar sakamako, amma suna ciki.

Masu bincike sun daɗe da lura da wannan. Alexander Astin na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis ya bi diddigin dubban ɗalibai a kwalejoji da dama na Amurka tun shekarun 1970, ya gano cewa waɗanda ke kwana a haraba sun fi kammala karatu, sun fi cuɗanya da malamai, sun fi shiga harkokin makaranta. Vincent Tinto ya zo da bayani makamancin haka: ɗalibi yakan bar karatu ne idan bai saje da jama'ar makarantar ba, a aji da wajen aji. Mai musu zai ce ai ɗakin kwanan Amurka mutum biyu ne da wuta da ruwa, namu kuwa ɗakin mutum huɗu yakan kwashi takwas. Gaskiyarsa. Amma waɗanda suka sake duba binciken daga baya sun nuna ba gadon ne ke yin aikin ba, kusanci ne da cuɗanya. Wannan kuwa cunkoson ɗaki bai rage shi ba. Wanda ɗakinsa ya cika da hayaniya yana tashi ya taka zuwa laburaren Kashim Ibrahim ko wani ajin da ba kowa. Wanda ke Hotoro ba shi da wannan mafita.

Abin da zama tare ke haifarwa

Akwai kuma ilimin da ba ya cikin manhaja. A 1958, tun kafin kwalejin Samaru ta zama jami'a, wasu ɗaliban zane, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya, suka bijire wa koyarwar Turawa zalla, suka ce sai an haɗa ta da fasahar gida. Daga sassan ƙasar nan daban-daban suka fito, kuma abin da suka ƙulla a wajen aji ya sauya zanen Najeriya baki ɗaya. Haka muhawarorin da suka yi tashe a Samaru zamanin Dakta Yusufu Bala Usman ba a ɗakin lakca kaɗai aka yi su ba. Irin wannan yana buƙatar mutanen da ba sa gaggawar kama mota. Har gobe ABU tana tara ɗalibai daga kowace jiha, kuma yaron da bai taɓa raba kwano da Batibe ko Bayarabe ko ɗan Tangale ba, a nan yake koyon zama da wanda ba addininsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba. Wanda zai yi aikin gwamnatin tarayya ko na kamfani, gara ya koyi wannan yana ɗan shekara 19 da ya jira sansanin bautar ƙasa ya koya masa cikin mako uku.

Sai dai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma karin maganar ba ta zaɓi kanwa mai kyau kaɗai ba. Harabar da ke haɗa ka da haziƙai ita ce ke haɗa ka da 'yan shaye-shaye da 'yan cacar ƙwallo, babu uba a kusa, babu maƙwabcin da zai kai rahoto. Wanda bai taɓa riƙe kuɗin wata ba, wanda ba ya tashi sallar asuba sai an buga masa ƙofa, zai iya narkewa a zangon farko. Wannan ba hujjar guje wa zaman haraba ba ce, domin ko ba daɗe ko ba jima sai ya bar gida. Hujja ce ta cewa iyaye su dubi yaron da ke gabansu, su daina duban yaron da suke fata.

Abin da birni ke bayarwa

Kada a ɗauka duk maganar nan yabon Samaru ce. Ga wasu kwasa-kwasai birnin shi ne ɗakin gwaji. Ɗalibin aikin jarida a Kano yana da gidajen rediyo masu zaman kansu tun daga Freedom da aka buɗe a 2003, da tashar Arewa24, da masana'antar fina-finan Hausa, duk inda adaidaita za ta kai shi. Zai iya fara karanta labarai ko tace sauti tun yana aji biyu, ya gama digiri da shekaru uku na gogewa. Ɗalibin akanta ko kasuwanci yana da Kantin Kwari da Singa da Dawanau, da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, waɗanda duk da durƙushewar da yawansu har yanzu sun fi na kowane gari a yankin. Idan lokacin horon aiki a masana'antu na SIWES ya zo, wanda kan kai wata shida ga injiniyoyi, ɗan Kano yana neman gurbi ne a garin da ya sani, yana kwana a inda ya saba. Ga wanda kuma dole ya ciyar da kansa, rumfar gyaran waya a Farm Centre ko koyarwa a makarantar kuɗi ta unguwa na iya zama bambanci tsakanin ci gaba da karatu da ajiye shi, ko da yake kasuwa ta sha cinye karatun masu shiga da niyyar awa biyu a rana.

Amma a lura, hujjar nan ba ta ce Kano ta fi ba. Ta ce a nemi inda sana'ar take raye. Ga mai karatun noma ko likitan dabbobi, Samaru ita ce birnin: cibiyar binciken noma ta IAR tana nan, ta dabbobi wato NAPRI tana Shika, kuma na'urar nukiliya ta bincike ta farko a Najeriya, da aka kunna a 2004, a cibiyar makamashi ta ABU take. Ita ma Kano tana da cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa, da daɗaɗɗiyar cibiyar nazarin harsunan Najeriya, wadda duk mai son karatun Hausa ya san da zamanta.

"Ai suna ake saye"

Wannan ita ce hujjar kawu, kuma ita ta fi ƙarfi. Zai lissafo maka Umaru Musa 'Yar'aduwa da Namadi Sambo da Sanusi Lamido Sanusi da Nasiru El-Rufa'i, ya ce duk 'yan Samaru ne, kuma duk ma'aikatar da ka shiga a Abuja sai ka tarar da tsohon ɗalibin ABU da zai riƙe hannunka. Ban ƙi ba, zumuncin tsofaffin ɗalibai abu ne mai rai. Amma a tuna, lokacin da waɗannan suka yi karatu jami'o'in Arewa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, har zuwa 1975 ma ABU ce kaɗai. Duk haziƙin Arewa can ya nufa. To jami'ar ce ta yi su, ko ita ce ta tara su? Masana tattalin arziki biyu, Stacy Dale da Alan Krueger, sun gwada irin wannan tambaya a Amurka a binciken da suka wallafa a 2002. Sun kwatanta ɗaliban da makarantu iri ɗaya suka karɓa, wasu suka tafi mai babban suna, wasu suka zaɓi wadda ba ta kai ta ba. Bayan shekaru sai aka ga kuɗin da suke samu kusan ɗaya ne. Inda sunan ya yi tasiri shi ne ga 'ya'yan talakawa, wataƙila saboda su ne ba su da wata hanyar sanin manya sai ta makaranta.

Wannan togaciya ta cancanci a tsaya a kanta, domin yawancin masu karanta littafin nan a cikinta suke. In suna yana taimakon ɗan talaka, ta wace hanya yake taimakonsa? Ta mutanen da ya zauna da su. Ba wanda ke ɗaukar waya ya nema wa baƙo aiki don kawai tambarin takardarsu ɗaya. Ana yi wa wanda aka raba ɗaki da shi, aka yi bita tare, aka ci garin kwaki tare a ƙarshen wata. Ashe ko hujjar suna, in aka bi ta a hankali, wurin kwana take komawa. Ban da haka, tazarar suna tsakanin ABU da BUK a yau ba ta kai yadda kawu ke tunawa ba, kuma tallan aiki na bankuna da manyan kamfanoni da na tallafin karatu a waje ba ya cewa "ɗan Zariya" ko "ɗan Kano". Yana cewa 2:1 ne, wani lokaci da iyakar shekaru. Sakamakon 2:1 daga inda ka samu natsuwa ya fi 2:2 daga inda sunan ya fi daɗi a baki. Yajin aiki kuwa ba ya cikin lissafi, domin na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, tare ya rufe ƙofofin biyu.

Gida ya fi araha?

Sau da yawa ya fi, kuma ba abin kunya ba ne iyali su zaɓi abin da aljihunsu zai ɗauka. Tuwon gida ba a biyansa, ɗakin gida ba a haya. Amma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya daina zama canjin da ake mantawa a lissafi. Ga wanda ke hawa biyu zuwa, biyu dawowa, sai a zauna da biro a haɗa na wata, a kwatanta da kuɗin gado na shekara, a tuna kuma cewa naira 20,000 ne asusun NELFUND ke ba mai cin bashin karatu a wata don ɗawainiya. Akwai kuma harajin da gida ke karɓa ba da kuɗi ba. Ɗalibin da ke gida ɗan aike ne, mai kai ƙanne makaranta, mai wakiltar baba a ɗaurin aure. Ɗaliba kuwa nata ya ninka: girki, wanke-wanke, reno, baƙi. Ba mugunta ake yi mata ba, gida ne ba ya ganin mai riƙe da littafi a matsayin mai aiki.

Maganar 'ya mace tana buƙatar a faɗe ta ƙarara. Tsoron iyaye na gaskiya ne, amma sau da yawa ba a inda hatsarin yake suke ajiye shi ba. Wuraren kwana uku ne: gida, ɗakin makaranta, ɗakin haya. Ɗakin kwanan mata a haraba yana da ƙofa da masu gadi da ƙa'idar shiga da fita, ga ɗaruruwan idanu. Gida yana da iyaye, amma tsakaninsa da aji akwai titi, da dawowa bayan magariba in lakca ta ja. Ɗakin haya a bayan makaranta shi ne ba idon iyaye, ba na hukuma, kuma can ake ƙarewa idan ba a yi shirin shekara ta biyu tun farko ba. Uban da ya ce "Kano, don tana kusa" alhali gidansa yana Gaya ko Bichi, bai ajiye 'yarsa a gida ba, ya ajiye ta a haya ne ba tare da ya lura ba. Wanda gidansa ke Kabuga ko Janbulo kuwa, 'yarsa ta fi 'yan Samaru da yawa kusa da aji, kuma in aka ɗauke mata aikin gida lokacin zango, ta haɗa riba biyu. Haka matar aure mai goyo, da mai jinyar mahaifi, da mai ciwon sikila da ke buƙatar dangi kusa idan ciwo ya tashi cikin dare: waɗannan kusancin gida ya rinjayi duk abin da na faɗa a baya.

"Wa ya ba talaka zaɓi?"

Wani zai ce duk wannan hirar masu gata ce. Kusan mutum miliyan biyu ke zana jarrabawar JAMB a shekara, guraben ba su kai ba, kowa inda ya samu yake shiga. Amma zaɓin yana nan, sai dai yana zuwa da wuri fiye da yadda ake zato. Ba ranar da takardar gurbi ta fito ake yin sa ba, ranar cike fom ake yi, a cibiyar rajista, sau da yawa cikin minti biyar, mai cibiyar yana cewa a yi sauri akwai layi. Manyan jami'o'in tarayya ba sa waiwayar wanda bai sa su a zaɓin farko ba. Kuma tsarin rabon gurabe, kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke yankin jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi, ya sa ɗan Kano ko Katsina ko Kaduna yana da ƙofa a duka biyun. Mai kuɗi in ya ga wuri bai karɓe shi ba sai a mai da shi jami'ar kuɗi ko a tura shi Masar ko Malesiya. Talaka harbi ɗaya gare shi, don haka shi ya fi kowa buƙatar saiti. Masu cewa haziƙi ko a ina zai yi fice kuwa, sun faɗi gaskiya game da mutum biyar na saman aji. Sauran ɗari biyun, waɗanda maki kaɗan ke raba su da 2:1 ko da maimaita kwas, su muhalli ke ɗagawa ko ya kayar.

Gani ya kori ji

Tsakanin Kano da Zariya kimanin kilomita 150 ne, tafiyar da ake zuwa a dawo a yini. Wanda zai ba wuri shekara huɗu ko biyar ko shida, bai kamata ya san shi ta hoton babbar ƙofa a Facebook kaɗai ba. A je a tsakiyar zango, ranar Talata ko Laraba, ba ranar bikin yaye ɗalibai da aka share ko'ina ba. A nemi tsangayar da kanta, a leƙa ajin 'yan shekarar farko a ga ko ana samun wurin zama ko a taga ake tsayawa. Kada a tambayi sabon shiga, shi komai burge shi yake, kada kuma a tsaya ga jami'in da aikinsa kare sunan makaranta ne. A nemi ɗan aji uku, wanda gado ya ƙare masa, a tambaye shi inda yake kwana, nawa yake biya, ina yake samun ruwa, awa nawa ake samun wuta, ƙarfe nawa laburare ke rufewa lokacin jarrabawa. In daga gida za a riƙa zuwa, a gwada hanyar da ƙarfe bakwai na safe ranar aiki, a duba agogo, a riƙe lissafin abin da aka biya.

Alƙaluman da aka dawo da su daga wannan ziyara, kuɗin gado da na haya da na mota da na abinci, su ne kayan aikin babi na gaba. A can za mu jera su tare da kuɗin rajista, mu fitar da abin da shekara ɗaya ke ci a kowane ɗayan wuraren kwana uku, sannan mu duba sharuɗɗan bashin NELFUND da tallafin karatu na jihohi, da wanda ya kamata ya ci bashin da wanda ya fi masa alheri ya bar shi.